Yadda ake toshe yoyon mahaɗin ƙarfe a injin da ruwa ke sanyayawa: dalma ko ifoksi?

Duk injin da ruwa ke sanyayawa, ko lagireton mota ne, ko na janareton dizal, ko durom ɗin da ke bayan injin niƙa, ko bututun da ke zagayawa cikin kwamfuta, yoyonsa ya fi fitowa daga mahaɗi: gindin wuyan lagireto, bakin da ake cusa tiyo, wurin da bututu ya shiga tanki. Nan ne zafi da sanyi da girgiza suke haɗuwa. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen toshe shi, liƙi da dalma ko shafa ifoksi, wato gam ɗin nan mai kwalaye biyu da ake cakuɗawa. Hukuncin a taƙaice shi ne: idan duka ɓangarorin jan ƙarfe ne ko tagulla, kuma wurin zai jure wuta, dalma ce aikin. Ifoksi na wurin da wuta ba za ta iya zuwa ba ne, ko ƙarfen da dalma ba ta kamawa. Kowanne ka zaɓa, gogewa da tsafta su ne rabin aikin.

Kayan aiki

Na aikin dalma: dalma kanta, fulaks (maganin da ake shafawa kafin liƙi, mai ruwa ko mai kauri kamar man shafawa), bakin wuta na gas, buroshin waya, samfefa mai lamba 180 zuwa 240, filaya, tsummoki biyu ko uku da bokitin ruwa, da bekin soda ko kanwa.

Na aikin ifoksi: ifoksi mai jinkirin bushewa, samfefa mai kaushi lamba 80 zuwa 120, asiton ko sifirit, kwali mai tsafta da tsinken cakuɗawa, ɗan ƙyallen faiba ko ragar waya mai laushi, da safar hannu.

Na gwaji: famfon keke, geji na awon matsin iska idan akwai, bawul ɗin tsohon tub, ruwan sabulu, da baho. Ka haɗa da maganaɗisu da magagari don gane ƙarfe, da tabarau na kare ido. A Kaduna, kayan ƙarfe da na liƙi ana samunsu a Panteka, kayan lagireto da murfinsa kuwa wajen masu kayan mota na Ori Apata.

Abin lura kan dalma. Dalmar liƙi mai kashi 60 na kuza da kashi 40 na dalma zalla tana narkewa tsakanin digiri 183 da 190 a ma'aunin Selsiyus, tana gudu sosai, ta dace da mahaɗi mai matsi. Mai 50 da 50 tana farawa a 183, ba ta gama zama ruwa sai wajen 215, shi ya sa masu lagireto ke sonta: tana ɗan tsayawa kamar kunu, a iya cike rami da ita. Marar guba, wadda kusan duk kuza ce da ɗan jan ƙarfe, sai wajen 230. Wayar dalmar masu gyaran rediyo mai ƙaro a ciki tana aiki a kan sabon jan ƙarfe mai haske, amma maganin cikinta ba shi da ƙarfin cin dattin tsohuwar tagulla. Tsohon lagireto yana buƙatar fulaks mai asid.

1. Gane irin ƙarfen da ke hannunka

Kada ka kunna wuta kafin wannan. Ɗora maganaɗisu: in ya manne, baƙin ƙarfe ne. In bai manne ba, kankare fenti da magagari a wani lungu. Ja ya fito, jan ƙarfe ne. Rawaya, tagulla ce. Fari marar nauyi mai saurin kankaruwa, alminiyum ne. Fari mai tauri da magagari ke zamewa a kai, ƙarfe marar tsatsa ne. Akwai kuma tagulla mai rufin nikel, irin mahaɗan kwamfuta masu ƙyalli. Kankarewa ce kawai ke tona ta.

Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, da manyan motoci da janaretoci da yawa, lagiretonsu jan ƙarfe ne da tagulla, kuma tun daga masana'anta da dalma aka haɗa shi. Ƙananan motocin yanzu kusan duka cikin lagiretonsu alminiyum ne, tankunan sama da ƙasa na roba mai tauri, an matse su da haƙoran ƙarfe a kan robar hana yoyo. Irin wannan dalmar gama-gari ba ta da aiki a kansa.

Jan ƙarfe da tagulla da baƙin ƙarfe mai tsafta suna karɓar dalma. Marar tsatsa yana karɓa, amma sai da fulaks na musamman mai ƙarfi. Alminiyum yana yin wata ɓoyayyar fata da zarar iska ta taɓa shi, dalma ta yi ta birgima a kai ba ta kama ba. Akwai sandunan liƙin alminiyum masu narkewa wajen digiri 380 zuwa 400, sai dai alminiyum yana narkewa a 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba. Kana kallo siririn bututu zai lotsa ya zama rami. Sabon shiga ya bar wannan ga mai waldar agon, ko ya koma ifoksi.

In kuma yoyon daga zaren mahaɗi ne, babu ruwan dalma ko gam a ciki. Zare mai tsukewa farin tef na masu famfo yake so, zagaye huɗu zuwa shida ta hanyar da ake ɗaurewa. Zare miƙaƙƙe, irin G1/4 na kwamfuta, zoben roba ne ke tare ruwansa. Sauya zoben, ɗaure da hannu. Wanda ya cika zare da gam ya hana kansa kwancewa gobe.

2. Nemo ainihin wurin yoyon

Ruwa yana bin jiki ya ɗiga nesa da inda ya fito. Cire kayan, toshe duk ƙofofinsa da tsohon tub da kilif, ka bar ɗaya ka ɗaura bawul. Busa iska kaɗan da famfon keke, ka nutsar a baho ko ka shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ke tashi ka zagaye da alli. Ka duba sauran wurare ma, domin lagireton da ya yi yoyo a wuri ɗaya sau da yawa yana da na biyu.

In tsagewa ce a jikin tanki, huda ƙaramin rami mai milimita 2 a kowane ƙarshenta. Ramin yana tsayar da tsagewar. In ba haka ba za ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin gyaran.

3. Zubar da ruwa, a bushe ƙarau

Muddin akwai ruwa a bayan wurin, ƙarfen ba zai wuce digiri 100 ba, dalma kuwa tana buƙatar kusan ninki biyu. Ɗigo kaɗan ma yana zama tururi ya huda dalma tana ɗanye, ya bar ƙananan ramuka kamar na allura. Kifar da kayan, busa iska, ka shanya a rana. Bar ƙofa ɗaya a buɗe lokacin liƙi don iskar da ta yi zafi ta samu mafita. Ruwan kulan (ruwan sanyaya injin) da ka zubar kada ka bar shi a buɗe a tsakar gida: yana da zaƙi-zaƙi, guba ne ga yara da dabbobi.

4. Liƙi da dalma

Da farko raba mahaɗin in zai yiwu. Ɗumama tsohuwar dalma, zare wuyan ko bututun da filaya, ka share narkakkiyar da buroshin waya. Ɗora sabuwar dalma kan tsohuwa mai datti shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin yoyon yana nan a ƙasa, rufe shi kawai aka yi.

Goge duka fuskokin da za su haɗu har su yi haske, ka wuce iyakar mahaɗin da kamar santimita ɗaya. Bayan nan kada yatsa ya taɓa wurin, man jiki yana hana kamu. Gwada shigar bututun: ya kamata ya shiga da ɗan matsi, ratar da ke tsakani daga milimita 0.05 zuwa 0.15, kwatankwacin kaurin takarda. A irin wannan rata ce dalma ke tsotsuwa ciki da kanta, har ta hau sama. In ratar ta yi faɗi, matse bakin da filaya a hankali, ko ka naɗa siririyar wayar jan ƙarfe mai tsafta a gindin don dalma ta samu abin kamawa.

Shafa fulaks siriri a fuskokin biyu. A kan tsohuwar tagulla ya fi kyau ka fara yi wa kowane ɓangare shafen dalma shi kaɗai: ɗumama, taɓa dalma, share da tsumma busasshe mai kauri har fuskar ta zama fara gaba ɗaya. Duk inda ya ƙi yin fari, akwai datti, sake gogewa. Wannan mataki yana cin minti biyar, kuma shi ke bambanta liƙin da zai shekara da wanda zai buɗe a hanyar Zariya.

Yanzu kare maƙwabta. A lagireton tagulla duk bututun ciki da dalma aka kama su, kuma zafin da zai narkar da taka zai narkar da tasu. Lulluɓe kewayen da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar wurin aiki kawai. Cire duk roba, zobe da tiyo da ke kusa.

Haɗa ɓangarorin ka kafe su yadda ba za su motsa ba. Kunna wuta matsakaiciya mai shuɗin harshe, ka fi ba ɓangare mai kauri zafi, kana yawo da ita, kada ka tsaya wuri ɗaya. Fulaks zai fara tafasa, sannan ya kwanta ya yi kamar ruwa. A lokacin ka janye wutar gefe, ka taɓa dalma a bakin mahaɗin ta ɓangaren da ke nesa da wutar. Ƙarfen ne zai narkar da dalma. In harshen wuta ne ya narkar da ita, za ta ɗiga ta dunƙule a sama kamar ƙwallo, cikin mahaɗin kuwa fayau. In zafi ya isa, za ka ga ta ɓace cikin ratar, wani siririn zobe mai ƙyalli ya zagayo. Ga bututu mai faɗin milimita 15, dalmar waya mai tsawon kamar milimita 15 zuwa 20 ta isa. Ƙari a kan haka cikin bututu yake zuba, ya tsuke hanyar ruwa ko ya balle daga baya ya shiga famfo.

In fulaks ya yi baƙi, ƙarfen ya yi duhu, dalma na gudu daga wurin, wuta ta yi yawa. Ƙara dalma ba zai gyara ba. Bari ya huce, goge, sake farawa.

Kada ka motsa shi har ƙyallin dalmar ya dushe, kuma kada ka tsoma shi a ruwa nan take. Ba shi minti biyu ko uku. Dalmar da aka girgiza tana daskarewa takan fito da fuska mai gari-gari, kuma tana da tsagar ciki.

In babu bakin wuta na gas, ƙarfen liƙi mai kan jan ƙarfe da ake gasawa a gawayi, irin na masu haɗa bokiti da mazurari, yana yin aikin faci a jikin tanki, har ma ya fi aminci kusa da siraran bututu. Ƙaramin ƙarfen lantarki na gyaran waya mai wat 40 ba zai iya ba, jan ƙarfe yana kwashe zafinsa nan da nan. Wutar kabaid ta masu walda kuwa ta yi ƙarfi. In ita kaɗai ke akwai, a rage ta sosai a nisanta.

Akwai liƙi mai zafi da sandar azurfa ko sandar jan ƙarfe mai fosfarus, irin ta masu gyaran firji da AC, wanda ke aiki sama da digiri 600. Ya fi dalma ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma shi ya dace da bututu zalla mai shan girgiza. Amma kada a kai shi jikin lagireton da aka haɗa da dalma, zai warware gaba ɗaya. Sandar fosfarus kuma ba a sa ta a baƙin ƙarfe, mahaɗin yana yin gautsi ya karye.

Wanke fulaks wajibi ne. Mai asid yana ci gaba da cin ƙarfe bayan an gama, shi ne koren nan da ake gani a gindin mahaɗi bayan wata biyu. Jiƙa cokali biyu na bekin soda a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, in babu ka jiƙa kanwa ka tace, ka wanke ciki da waje, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Yi aiki a fili, kada ka sunkuya kan hayaƙin fulaks. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, kada ka riƙe dalma da haƙori, kada yara su yi wasa da ɓurɓushinta. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi. Duk bututun da ruwansa zai iya zuwa bakin mutum, kamar na injin ƙanƙara ko na sanyaya ruwan sha, dalma marar guba kawai ake sa masa.

5. Toshewa da ifoksi

Ka san iyakarsa tukuna. Dalma tana shiga jikin ƙarfe ta zama ɗaya da shi, ifoksi kuwa riƙe fuska kawai yake yi. Idan zafi ya tashi, ifoksi yana buɗewa fiye da jan ƙarfe sau biyu zuwa uku ko fiye, in ya huce ya koma. Kullum injin ya tashi ya mutu ana jan wannan mahaɗi, har wata rana gefen ya ɗaga, ruwa ya samu hanya ta ƙasa. Ga kuma laushi: yawancin masu saurin bushewa, irin na minti huɗu ko biyar da ke ko'ina a kasuwa, suna fara saki tun daga digiri 60 zuwa 80. Ruwan injin mota kuwa yana aiki tsakanin 85 da 105, ƙarƙashin matsin da murfin lagireto ke riƙewa, 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Saboda haka a mota da janareto sai mai jinkiri wanda kwalinsa ya nuna yana jure aƙalla digiri 120, irin J-B Weld na asali mai kamawa cikin awa 4 zuwa 6, ya gama ƙarfi cikin awa 15 zuwa 24. A kwamfuta, inda ruwa bai cika wuce digiri 45 ba kuma matsi kaɗan ne, Araldite mai jinkiri ya wadatar.

Ifoksi ba ya wuce da zafi. Jan ƙarfe yana wuce da zafi fiye da shi sau ɗaruruwa, dalma ma ta fi shi nesa. Kada a sa shi tsakanin farantin da ke ɗaukar zafi da bututun da ke kwashewa. Ba ya kuma kama robar jarka da ta bokiti, da baƙar robar asetal ta saman bulok ɗin da ruwa ke bi ya ɗauke zafi a kwamfuta. A tankin roba na lagireton zamani yana ɗan riƙewa, amma gyaran kai mota gida ne. Maganin gaskiya sauya tankin ko lagireton.

Goge wurin da samfefa mai kaushi, a gicciye, har santimita biyu kewaye da yoyon. A nan ba santsi ake nema ba, zane-zane ake so don gam ya samu wurin kafa ƙafa. In tsagewa ce, buɗe bakinta kaɗan da kusurwar magagari. Share da asiton a tsumma mai tsafta har tsumman ya daina baƙi. Kada ka yi amfani da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo. A alminiyum ka shafa gam cikin 'yan mintoci bayan gogewa, kafin fatar nan ta yi kauri.

Matso kwalayen biyu daidai da juna, in kwalin ya ce ɗaya da ɗaya. Ƙara mai busarwa ba ya sa shi sauri, sai dai ya bar shi da danƙo har abada. Cakuɗa minti ɗaya cikakke, kana kankaro gefe, har launi ya zama ɗaya babu zane. Cakuɗa kaɗan-kaɗan, domin mai yawa yana ɗaukar zafi da kansa ya daskare a kwali. A zafin Maris da Afrilu lokacin aikinka yana raguwa kusan rabi, sai ka yi a inuwa da safe. Da hunturu kuma yana jinkiri, ga ƙura. Rufe shi da kwali.

Shafa na farko siriri, kana dannawa cikin zanen samfefa da bakin tsagar. Ɗora ƙyallen faiba ko ragar waya, danna har ya jiƙe, sannan ka rufe da na biyu, kauri milimita 2 zuwa 3, gefuna su kwanta a hankali ba tudu ba. In bututu ne ya shiga rami, shafa a jikin bututun da cikin ramin, juya shi yayin cusawa, ka tara gam a gindinsa kamar gammo. Dabarar da ke taimakawa: toshe ƙofofi ka ɗan zuƙo iska daga ciki da sirinji, gam zai shige cikin ramin ya kama ta baya.

Bar shi awa 24 ba ruwa ba motsi. Bayan ya kama, ajiye shi a rana na wasu awanni yana ƙara masa ƙarfi da juriyar zafi. Danna farce: in ya shiga, bai nuna ba, ko awon bai yi daidai ba, sai a kankare a sake.

Sufa gulu da toka ko yashi ba ya jure ruwan zafi. Fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto yana tsayar da ɗigo na ɗan lokaci, amma yana toshe siraran bututun da ke sanyaya injin. Kuma kada ka shafa ifoksi a wurin da kake da niyyar yi wa dalma daga baya: sai an kankare shi tas, ƙona shi kuwa hayaƙi ne mai cutarwa.

6. Gwaji kafin mayarwa

Toshe ƙofofi kamar ɗazu, busa iska da famfon keke har lambar da ke rubuce a murfin lagireton, kada ka wuce. Na kwamfuta bar 0.5 ya isa. Kada ka kai wa mai faci ya saka bakin kwamfaresa kai tsaye, iskarsa ta ninka abin da lagireto ke ɗauka sau da yawa, tana kumbura tanki ta fasa bututu. Bar shi minti 15 a baho ko ƙarƙashin ruwan sabulu. Allurar geji ta tsaya cak, kumfa ko ɗaya kada ta fito. A kwamfuta, bayan wannan ka kunna famfon ruwa shi kaɗai, sauran kayan ba wuta, ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi na tsawon awanni.

Wajen mayarwa ka duba abin da ya jawo yoyon tun farko. Mahaɗi ba ya tsagewa haka kawai: ko robar da lagireto ke zaune a kai ta mutu, ko tiyo ya yi gajere yana ja, ko ya bushe ya yi tauri, ko murfin ya daina sakin matsi. Bututu mai tsawo a janareto a kafe shi da maɗauri, kuma a sa guntun tiyo tsakaninsa da injin don ya shanye girgiza.

7. Ruwan da za a zuba

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin bututu, suna kuma saurin cin dalma. A mota da janareto zuba kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, ko wanda aka riga aka haɗa. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya yi, amma ka tabbatar ba mai asid aka ba ka ba. In babu, ruwan sama da aka tara a roba mai tsafta aka tace ya fi na rijiya. A kwamfuta kada jan ƙarfe da alminiyum su haɗu a zagaye ɗaya: ruwa yana haɗa su kamar batir, alminiyum ya yi ta cinyewa har ya huje. A mota ana samun ƙarafa daban-daban a zagaye ɗaya, maganin hana tsatsa da ke cikin kulan ne ke kare su, kuma yana ƙarewa, don haka a sauya irin na gama-gari duk shekara biyu. Bayan an tayar da injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sake ɗaure kilif, ka shafa busasshen yatsa a ƙarƙashin gyaran, ka duba matakin ruwa da safe kafin a kunna.